NHS App: na ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan da na rage kuma laifin asibitin unguwa ne

'Yan uwa da ke zaune a Ingila musamman sababbin zuwa, in har ka yi rajista da likitan unguwa wato GP to ka sauke NHS App, wato manhajar hukumar lafiya ta ƙasar (NHS), a wayarka, kyauta ne. Tun 2019 aka buɗe shi ga jama'a amma yawancinmu sai lokacin korona muka san da shi saboda shaidar rigakafi da ake nunawa a filin jirgi, daga nan kuma aka manta da shi a waya alhali amfaninsa ya wuce nan nesa ba kusa ba.

Rajistar ce dai sai ka ɗan yi haƙuri. Za su nemi imel da lambar waya, ka ɗauki hoton fasfo ko lasin tuƙi, sannan a duba fuskarka da kyamara ko ka yi ɗan bidiyo kana faɗin wasu lambobi guda 4. In kana da lambarka ta NHS mai alƙaluma 10 a kusa abin ya fi sauri. Wanda bai kai shekara 13 ba ba zai buɗe nasa ba, sai dai a haɗa shi da na iyayensa, kuma asibitin unguwa ne ke yin wannan haɗin ba kai ba.

Inda ya fi burge ni wallahi maganar magani ce. Ni mai hawan jini ne, kullum sai na sha amlodipine, da can in ya kusa ƙarewa sai na kira ko na je na cike 'yar takarda na jefa a akwati a bakin ƙofa. Yanzu ina kwance zan danna sunan maganin, likita ya sa hannu daga can, takardar ta wuce kai tsaye zuwa kemis ɗin da na zaɓa, in je in karɓa kawai. Kuɗin dai ba ya canzawa, fam 9.90 kowane magani ɗaya, sai in kana cikin waɗanda aka yafe wa kamar 'yan shekara 60 zuwa sama ko masu ciwon suga da ke shan magani.

Na biyu kuma fayil ɗinka ne a hannunka. Duk wanda ya taɓa zaman benci a asibitin gwamnati a gida yana jiran a nemo masa fayil a ɗakin kati, ƙarshe a ce ya ɓata sai ya yanki sabo, shi zai gane abin da nake nufi. Anan abin da likita ya rubuta bayan kun gama magana, alluran da aka yi maka, magungunan da jikinka ba ya so, wasiƙun asibiti, duk kana gani. Wannan ya canza yadda nake shiga wajen likita gaba ɗaya, don minti 10 ne fa ake ba ka, in ka shiga ka riga ka karanta ka san tambayarka to ba a ɓata rabin lokacin wajen "me aka ce maka wancan karon".

Sai dai fa ganin sakamakon gwaji da kanka yana da nasa tashin hankalin. Na HbA1c ɗina, wato gwajin suga a jini, ya fito da dare na ga 44, na hau bincike a intanet har barci ya gagare ni, ashe daga 42 zuwa 47 gargaɗi ne cewa suga na tafe, sai ya kai 48 ake maganar ciwon suga. Shawarata ka duba ko likita ya sa bayani a ƙarƙashin lambar kafin ka fara kiran 'yan uwa a gida kana neman addu'a.

Abin da ya ba ni haushi shi ne neman ganin likita. Manhajar tana da wajen, amma kowane asibiti shi ke zaɓar abin da zai buɗe wa marasa lafiyarsa. Namu in ka danna babu komai, sai a tura ka wani fom mai tambayoyi kamar ba za su ƙare ba, ko ka koma layin waya na ƙarfe 8 na safe kana jin kiɗa. Abokina a wata unguwa kuwa yana zaɓar rana da lokaci daga wayarsa hankali kwance. To ka ga manhaja ɗaya, rabo daban.

Kuma NHS App ɗin da Turanci yake, dattawanmu da suka zo zama wajen 'ya'yansu sai an zauna da su. In naku haka ne ku je asibitin tare ku nemi a haɗa bayanansu da naka da izininsu, ya fi a riƙa yawo da fasuwod ɗin Hajiya a gurup ɗin gida. 'Yan Sikotilan kuma wannan ba naku ba ne, tsarinku daban.