Intalok na roba ko na inji: wanne ya dace da hanyar ƙafa a garin kasuwa?

Yawancin masu buga bulo a bakin manyan tituna yanzu sun haɗa da intalok, wato ƙananan bulon siminti da ake jerawa a shimfiɗe ƙasa, kuma kwamitin kasuwa ko ƙungiyar ci gaban gari da ke son shimfiɗa hanyar ƙafa daga tasha zuwa kasuwa, ko zuwa asibiti da makaranta, wurinsu za ta je. Iri biyu za a nuna mata. Akwai na roba, wanda ake zuba kwaɓi mai ruwa a mazubin roba, a girgiza a kan tebur, a bari ya kwana sannan a zare. Akwai kuma na inji, wanda ake matse kwaɓi mai ɗan danshi da ƙarfi, ya fito nan take.

Na roba shi ne mai ɗaukar ido. Fuskarsa sumul, yana karɓar launi, ana samunsa da zane iri-iri, kuma ko ƙaramar masana'anta tana iya yinsa. A tsakar gida ko harabar masallaci ba shi da laifi. A hanyar da jama'a ke bi kuwa, sumul ɗin nan shi ne aibinsa na farko: da ruwan Agusta ya sauka, laka da gansakuka suka hau, sai santsi, kuma tsofaffi da mata masu goyo ne ke fara faɗuwa. Aibi na biyu yana cikin kwaɓin. Don ya kwanta da kyau a mazubi ana cika masa ruwa, ruwa mai yawa kuma yana rage ƙarfin siminti. Shi ya sa fuskar ke ɓarewa, tsakuwa ta bayyana, gefuna su riƙa guntulewa.

Na inji ba shi da ƙyalli, fuskarsa da kaushi, amma takalmi da kofato suna kama shi, kaurinsa kuma ɗaya ne, abin da ke sa shimfiɗa ta fito daidai. Matsalarsa samuwa: injin yana da tsada, masu shi sun fi yawa a kusa da birni, don haka kuɗin mota zuwa ƙauye na iya cinye rangwamen da aka samu. Duk da haka, ga hanyar kasuwa shi na fi ba wa maki, da nisa.

Sai dai sunan inji kaɗai ba ya isa, a gwada kayan tun a masana'anta. A tambayi mai wurin murabba'in mita nawa yake fitarwa a buhun siminti mai kilo 50. Mai kaurin santimita 6, idan an yi shi da gaskiya, buhu ɗaya ba ya wuce murabba'in mita biyu zuwa biyu da rabi, wato kimanin guda 100 zuwa 125 na mai kusurwa huɗu, santimita 20 da 10. Wanda ya ce yana fitar da huɗu, yashi zai sayar muku. A ɗora guda ɗaya a sikeli, ya kamata ya kai wajen kilo 2.7. A jiƙa shi cikin bokiti kwana guda, a goge, a sake aunawa. In ya ƙaru da fiye da kashi 6 cikin ɗari na nauyinsa, yana shan ruwa da yawa. A fasa wani a duba ciki, a ga tsakuwa da garin dutse, kada ya zama yashi zalla mai ramuka. Sannan a tambayi ranar da aka buga. Siminti yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, da ban ruwa safe da yamma aƙalla a makon farko. Wanda aka buga da hunturu aka bar shi a iska ba rufi, samansa ya bushe, cikinsa bai nuna ba, a mota ma zai fara karyewa.

Batun kauri kuwa, masu sayarwa za su ce santimita 6 ya ishi masu tafiya a ƙasa, kuma haka ne. Amma duk wanda ya san Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis ya san hanyar ƙafa ba ta mutane kaɗai ba ce: baro, kura, babur, amalanke, garken shanu, wani lokaci har motar hatsi mai neman wurin sauke kaya. Duk inda mota za ta tsallaka, kamar ƙofar rumbu ko mashigar kara, a sa mai santimita 8, a kuma jera shi a karkace, jeri na shiga cikin jeri, don taya ba ta iya ture shi.

Mafi yawan intalok da ke lotsawa ba laifin bulon ba ne, laifin abin da ke ƙarƙashinsa ne, kuma nan ne masu shimfiɗawa suka fi gaggawa. A kwashe ƙasar sama da saiwoyi. A zuba burji ko jar ƙasa santimita 15, amma kashi biyu, kowane kashi a yayyafa ruwa a bi da injin daɓe. A kafa bulon gefe a kan kankare kafin a jera ko da guda ɗaya, domin shi ne ke riƙe shimfiɗar duka. In babu shi, gefe ya buɗe, yashi ya zurare, layi ya bi layi. Sannan yashi mai kaifi santimita 3 zuwa 4, kar ya wuce haka, don yashi mai yawa shi ke kawo kwari da tudu. Bayan jeri a watsa busasshen yashi mai laushi, a share shi cikin tsagogi, a sake bi da inji. Kada a toshe tsagogin da siminti. Amfanin intalok shi ne a iya ɗaga shi a gyara famfo a mayar.

A yankin Haɗeja da Auyo da Ringim, inda ƙasa ke da laka kuma ambaliya ke yawan zuwa, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, sai an ɗaga hanyar sama da inda ruwa ke kwanciya, a ƙara kaurin burji, a sa kwalbati a duk inda ruwa ya saba ratsawa. A wajen Gumel da Babura, inda yashi ya fi yawa, ruwa na tsanewa da wuri, amma gefen na zaizayewa, don haka a cika bayan bulon gefe da jar ƙasa a daddale. Ko'ina ne, hanyar ta karkata santimita 2 a kowace mita zuwa lambatu. A kuma nisanta ta da gindin darbejiya, saiwarta na ɗaga bulo.

Ga lissafin mita 100 mai faɗin mita ɗaya da rabi, wanda ya ishi mutum biyu su wuce juna: murabba'in mita 150, intalok 7,500, a ƙara kashi 5 saboda yanka da karyewa; burji wajen kubik mita 30 kafin daɓe; yashi wajen kubik 6; bulon gefe mita 200. A kowace mahaɗa a kwantar da gefen, hawan ya tashi santimita 1 a kowane santimita 12, don keken guragu da baro. Dokar kare masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ambaci hanyoyin gefen titi ƙarara, kuma wannan gangaren kusan ba ya cin komai in an sa shi tun farko.

Wajen kuɗi, araha ba ta ado. In abin da aka tara bai isa ba, a rage tsawo, kada a rage burji. Haƙa da kwasar ƙasa da ɗebo ruwa ana iya yinsu da gayya, kamar yadda shirin raya al'umma na CSDP, mai tallafin Bankin Duniya, ya riƙa karɓar kashi 10 cikin ɗari daga al'umma a kuɗi ko a aiki, amma daɓe da kafa gefe sai gwani. Kafin a sa diga a ƙasa, a zauna da dagaci da sarkin kasuwa a kan inda masu tebur za su koma, in ba haka ba rumfuna ne za su mamaye sabuwar hanyar. A nemi amincewar sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, in kuma gefen titin tarayya ne, irin na Kano zuwa Maiduguri, izinin na ma'aikatar ayyuka ta tarayya ne. A yarjejeniya da mai shimfiɗawa a riƙe wani kaso na kuɗinsa sai bayan daminar farko, lokacin da zai dawo ya ɗaga inda ya lotsa, ya sake cika tsagogi da yashi.