Gargaɗi ga ƴan uwa na Jidda da Makka: ku yi hattara da mai kibod da maus ɗin nan

Assalamu alaikum jama'a, don Allah duk wanda ya ga wannan ya tura wa wani. Akwai wani mutum da yake shiga gurup gurup na WhatsApp na Hausawan Jidda da Makka yana tallan kibod da maus marasa waya, wai Logitech na asali ne, kayan kamfani ne aka yi gwanjonsu, a rabin kuɗin da ake sayarwa a kantin Jarir. Sharaɗinsa ɗaya, ka fara tura kuɗi, sai wani direba ya kawo maka kwali a liƙe a unguwar Bab Sharif ta Jidda ko Misfala ta Makka, kai da shi ba za ku taɓa haɗuwa ba. Waɗanda ya fi nema su ne masu umara da za su kai tsaraba gida da masu shagon kwamfuta a Kano da Zinder da ke aiko da saƙo, don ya san ba za a buɗe kwalin ba sai an sauka, lokacin kuma ya canza lamba.

Wallahi abin ya ci min rai, domin wata baiwar Allah mai aikatau ta haɗa ƴan riyalolinta ta saya wa ɗanta mai karatu, aka buɗe sai maus babu ɗan ƙaramin USB ɗin nan da ake soka wa a kwamfuta. To maus mara waya in ba na Bluetooth ba ne, da wannan ɗan abin yake magana ta igiyar rediyo ta 2.4GHz, kuma tun daga kamfani ake haɗa su, galibi ba za ka ɗauko na wani maus ka soka ya yi ba. Na Logitech mai suna Unifying yana da ƴar alama ruwan lemo kamar tauraro, yana ɗaukar na'ura har 6, a kayan mutumin nan kuwa fenti kawai aka ɗiga a matsayin alamar. A ƙasan maus akwai fitila da wata ƴar mitsitsiyar kyamara da ke ɗaukar hoton teburin sau dubbai a daƙiƙa ɗaya tana gwada su, ta haka kibiyar ke sanin inda hannunka ya nufa, to na jabu kyamarar ce ta banza shi ya sa kibiya ke ta rawa tana tsalle, wasu har ƙarfe suke liƙa wa a ciki don ka ji nauyi ka ce mai kyau ne.

Kibod ɗin ma haka, yana cewa makanikal ne don yana walƙiya kala kala. Ku cire maɓalli ɗaya ku duba, makanikal kowane harafi da ɗan makunninsa mai sifirin a ƙasa, in roba ka gani shimfiɗe to na gama gari ne, ba laifi ba ne amma ba kuɗinsa ke nan ba. Harufan Larabcin ma sitika ce, gumi kaɗan ta ɓare.

Kar ku biya sai an soka a kwamfuta a gabanku kun danna duk maɓallan, ku karɓi fatura, wato rasit. Wanda ya riga ya faɗa kuma ya ajiye hoton hirar da shaidar tura kuɗi ya kira 1900 na ma'aikatar kasuwanci, in yana tsoro saboda maganar iƙama, wato takardar izinin zama, ya nemi ɗan uwa mai takarda ya kai ƙorafin a madadinsa.