Gargaɗi Kan Mai Sayar da Lasisin PPG Wave 3.V na Bogi

Wannan gargaɗi ne ga masu haɗa kiɗa a kwamfuta, musamman waɗanda ke cikin zaurukan WhatsApp na masu situdiyo a Kano da Kaduna, inda wani mutum yake tallar lasisin manhajojin kiɗa da sunan cewa shi dillali ne mai asusun dala. Ya karɓi naira 85,000 a hannuna a kan PPG Wave 3.V, wata manhajar ƙirƙirar sautin kiɗa, abin da ya turo mini kuwa kwafin sata ne da aka fasa makullinsa. Naira 85,000 cif, kuɗin da na tara daga aikin waƙoƙin biki.

Duk wanda zai ce sakaci na yi, bai ji yadda mutumin nan yake magana ba. Ba manhajar Serum na tambaye shi ba, wadda kowane yaro mai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ya san sunanta. Na tambaye shi ne manhajar da kamfanin Waldorf na Jamus ya yi domin kwaikwayon na'urar kiɗa ta PPG Wave, wadda Wolfgang Palm ya ƙera a Hambug a farkon shekarun 1980, kuma kafin na rufe baki ya shiga yi mini bayanin cewa kowane jadawalin sauti a cikinta yana ɗauke da siffofin sauti 64 a jere, kuma ratsa su da ake yi yayin da sautin ke fita shi ne yake haifar da amon nan mai kama da na ƙarfe. Har bambancin samfuran na'urar guda biyu, Wave 2.2 mai bit 8 da Wave 2.3 mai bit 12, ya kawo mini. Sai ya ce, "Oga, kai ne na farko da ya taɓa tambayata wannan, ka san abin da kake nema." Wannan magana ce nake ta juyawa a raina har yanzu. Ta yaya mutum zai san duk wannan kuma ya zama ɗan damfara? Ga shi a lokacin katina na naira ba ya biya a shafukan ƙasashen waje, kamar na mutane da yawa, saboda haka neman dillali ba wauta ba ce.

Na tura masa naira 50,000 da daddare. Kafin nan ma, ko washegari ne, ya kira ni ta bidiyo ya nuna mini manhajar a buɗe a kwamfutarsa, yana murɗa ta tana fitar da sauti. Daga baya ya ce dala ta tashi, sai na cika 35,000, ya zama 85,000 ke nan. Sai da kuɗin suka gama shiga sannan ya turo fayil ta Telegram, tare da umarnin in kashe manhajar kariya daga ƙwayar cuta, in kuma cire intanet kafin in girka. Nan take na tambaye shi rasit mai ɗauke da sunana, ya ce yana masallaci. Lambar lasisin da ya ba ni, ashe ita ce dai ya ba wani abokin sana'ata tun kafin ni, shi ma a kan kuɗi masu yawa, kuma da muka haɗa saƙonninmu muka ga ko harafi ɗaya bai canza ba, har da cewa kai ne na farko da ya taɓa tambayata. Yanzu ya toshe lambata, ya kuma canza hoton da ke kan asusunsa.

Ku saya a shafin kamfanin, ko ku haƙura. Manhajar Vital ta Matt Tytel tana da nau'in kyauta, Surge XT ma kyauta ce, dukansu suna aiki da jadawalin sauti. Hotunan hirarmu, da shaidar tura 50,000 da ta 35,000, da muryoyin da ya aiko mini, duk suna nan a ajiye, kuma zan ɗora su da zarar na rufe lambar asusuna da ke jikinsu.