Nas ɗin da ake turowa gida: sati shida da muka yi da su a kan jinyar Mama

Tun da aka sallami Mama daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki nake neman wadda za ta riƙa zuwa gida tana duba ta, sai wata ƙawata ta haɗa ni da wani kamfani da ke turo nas gida, ga shi da tsada. Na ɗauka aikin bai wuce wanka da juya ta a gado da awon jini ba, maganar magani kuwa ina ganin na gama ƙwarewa tunda kwana goma ni nake ba ta.

Mama haɗiya na mata wuya, ƙwaya ta kan maƙale mata, shi ya sa nake haɗa duka magungunan safe in niƙe su tsakanin cokali biyu in dama da ɗan ruwa in ba ta. Kuma kullum bayan kamar rabin awa sai ta ce kanta na sarawa, fuskarta ta ɗau zafi, gabanta na bugawa, idan muka zaunar da ita jiri ya kwashe ta. Ni duk na ɗora wa ciwon.

Ranar farko da Sista ta zo tana tsaye na fara niƙan nawa, sai ta riƙe min hannu a hankali ta ce "Hajiya dakata, bari in ga kwalayen tukuna." Ta jera su a kan tire tana karanta ɗaya bayan ɗaya tana haɗawa da takardar sallama, da ta zo kan maganin hawan jini nifedipine 30mg sai ta nuna min wasu haruffa biyu a gefen sunan, LA, wallahi ban taɓa lura da su ba. Ta ce irin wannan an yi shi ne ya riƙa sakin maganin kaɗan-kaɗan cikin awa 24, idan aka niƙe shi to na yini guda ake juye wa mutum lokaci ɗaya, jini ya faɗi warwas, can da dare kuma babu sauran magani a jiki sai ya sake hawa. Ta ce duk ƙwayar da na ga an rubuta SR ko XL ko MR ko LA a kwalinta ba a niƙawa ba a taunawa, haka ma mai EC, ita rufin da ke jikinta ne ke hana ta narkewa tun a ciki.

Jikina ya mutu, na zauna a bakin gado ina kuka, uwata ce fa kuma da hannuna. Abin da ya sa nake ganin girman matar nan har yau, ba ta yi min faɗa ba kuma ba ta canza maganin da kanta ba, take ta kira likitan Mama a gabana ta karanta masa awon da ta yi, shi ne ya mayar da ita kan amlodipine wanda ana iya niƙawa, aspirin ɗin da take sha ma ya ce a sayo mai narkewa a ruwa. Ta buɗe mana littafi, kowane magani da lokacinsa da sa hannun wanda ya bayar, ta koya min in zaunar da Mama sosai kafin a ba ta komai don kar ya bi ta huhu, kuma kowane magani a ba shi daban. Cikin kwana uku ciwon kan nan ya tafi. Har ta kan durƙusa ta ce "Mama wannan na suga ne, kin ci abinci ko?" kafin ta ba ta metformin, wai da abinci a ciki ya fi sauƙin tashin zuciya da zawo.

Da a nan aka tsaya da na ce kowa ya neme su. Amma sati na huɗu ba waya ba saƙo sai ga wata daban, ta zo sha ɗaya saura alhali takwas muka yi da su, ni kuma na riga na ba da na safe na sa hannu. Ina kicin na fito na tarar ta ɓallo ƙwayoyin a tafin hannunta, ko wanke hannun ban ga ta yi ba, za ta sake ba Mama amlodipine a kan wanda ta sha, littafin yana ajiye kusa da ita ko buɗe shi ba ta yi ba. Da na yi magana cewa ta yi ai ba wanda ya gaya mata akwai littafi. To laifin wa? Kuɗi ɗaya nake biya ko wa aka turo.

Na kira ofishinsu sau uku, haƙuri kawai suke bayarwa, wai Sista ta farko an kai ta wajen wani maras lafiya. Na ce ko su dawo min da ita ko mu rabu a ƙarshen wata, har yanzu ina jiran amsa, kuma kafin nan duk wadda ta shigo sai ta karanta littafin a gabana sannan in miƙa mata jakar magani.