Horon kare kai da muka ɗauko wa ɗaliban aikin gona: abin da na gani bayan damina guda

Ni malami ne a wata kwalejin aikin gona da ke Arewa maso Yamma, kuma na haura shekara goma ina koyar da darasin kare amfanin gona daga ƙwari da ciyawa. Kafin faɗuwar daminar da ta wuce, hukumar makaranta ta amince mu ɗauko wani kamfanin sayar da kayan noma, wanda kuma yake ba da horo, ya zo ya yi kwana biyar da ɗalibanmu masu shirin tafiya SIWES, wato zaman koyon aiki a wajen makaranta da ɗalibi ke yi kafin ya gama karatu. A cikin yarjejeniyar akwai kayan kariya saiti goma da famfon feshi na goyo guda huɗu masu cin lita 16. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Yanzu an yi girbi, kayan sun sha aiki, yaran sun je sun dawo, don haka zan iya faɗin abin da idona ya gani.

Abin da ya tayar da ni tsaye wani ɗalibi ne na shekarar da ta gabata. Ya dawo daga gonar da aka tura shi, ya same ni a ofis, ya ɗaga rigarsa. Daga kafaɗa har ƙugu fatar bayansa ta saɓule. Murfin tankin da aka ba shi yana yoyo, shi kuwa ya ɗauka gumi ne, ya yini yana feshin maganin ciyawa. Na tambaye shi me ya yi da ya ji raɗaɗi, ya ce: "Malam, madara na sha." Yaron nan ya ci jarrabawata da maki mai kyau. Hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikata, ta kafa SIWES tun 1973 domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya gama karatu, amma mu muna tura su ne da ilimin allo kawai. Na yi kwanaki abin yana ci mini rai.

Wadda kamfanin ya turo mace ce, kuma ranar farko ko ajin ba ta shiga ba. Ta ce a fita gonar makaranta. Ta cika tanki da ruwa, ta zuba shuɗin wanki, ta sa wani ɗalibi ya saka farar riga da farin wando, ta ce masa: "Yi feshi yadda kake yi a gonar gidanku, kada ka canza komai." Yaron ya goya tanki ya shiga kunyoyi. Can bakin feshin ya toshe, ya kwance shi ya kai baki ya busa, ya mayar, ya ci gaba. Bayan kamar minti goma ta tsayar da shi a gaban 'yan uwansa. Daga gwiwa zuwa ƙasa wandon ya rine. Hannun da ke riƙe da sandar ya yi shuɗi har tsintsiya. A bayansa ga wata doguwar shaida ta gangaro daga wuya, daidai inda murfi ke tsiyaya. Sannan leɓɓansa. Ajin ya yi tsit, har masu surutu a baya. Sai ta ce: "Duk inda kuka ga shuɗi, da magani ne, da yanzu yana kan hanyar shiga jininsa."

Na yi shekaru ina rubuta wa ɗalibai a allo cewa guba tana shiga jiki ta fata da baki da numfashi, kuma ta fata ce ta fi yawa ga mai feshi. Ban taɓa ganin maganar ta zauna musu kamar wannan safiya ba. Ko wannan kaɗai aka yi, ni dai ban ga asarar kuɗinmu ba.

Rana ta biyu karatun jikin kwalba aka yi, kuma nan ma ta yi abin a yaba. Ta zo da kwalabe wanke tas, ta raba musu, ta ce kowa ya nemo sunan sinadarin da ke ciki, ya rabu da babban sunan da aka rubuta don talla. Sai ga kwalabe uku masu suna daban-daban, ashe duk sinadarin kashe ciyawa ɗaya ne, glyphosate. Ta nuna musu zanen launi da ke ƙasan takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Ta yi bayanin paraquat, maganin ciyawa mai lalata huhu wanda ba shi da makari, da yadda NAFDAC ta sanar da haramta shi daga farkon 2024. Ta kawo zancen dichlorvos, maganin ƙwari wanda hukumar ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a 2019, kuma shi ne ya jawo Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Yawancin yaran 'ya'yan manoman wake ne, sun ga ana barbaɗa irin wannan a buhu a kasuwa. A nan suka fahimci cewa sakacin mutum guda a rumbu yana iya rufe wa ƙasa baki ɗaya kasuwa, kuma ga buhun PICS mai ruɓi uku da ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba.

Dattijon da ke kula da gonar makaranta yana tsaye a gefe yana saurare. Da aka zo maganar madara sai ya yi gyaran murya ya ce: "Malama, mu tun muna samari da madara muke wanke cikinmu, ko manja, kuma ga mu nan." Ta russuna ta ce: "Baba, Allah ne ya tsare ku, ba madarar ba." Ta bayyana masa cewa madara ba ta karya guba, mai da kitse ma suna iya taimaka wa wasu magungunan su bi jiki da sauri. Ta lissafa alamomin gubar maganin ƙwari irin dichlorvos: dalalar miyau, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya riƙe. Wanda ya ga haka a cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke shi da ruwa da sabulu, kada a tilasta masa amai, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu don likita ya san abin da zai ba shi. Baba bai ce uffan ba. Amma a watan marka na gan shi da idona yana wanke safar hannu kafin ya zare ta, kamar yadda ta koyar.

Rana ta uku ita ce ta fi burge ni a matsayina na malami, domin a nan kare kai ya haɗu da neman abinci. Ta sa suka auna fili mita 10 a tsaye, mita 10 a kwance, kowa ya fesa ruwa da irin tafiyarsa, sannan a auna abin da ya ragu a tanki. Wanda ya ƙarar da lita 2, to hekta guda za ta ci masa lita 200, wato tanki goma sha biyu da rabi. Daga nan sai a raba adadin maganin da takarda ta ce a zuba wa hekta a kan yawan tankunan. Lissafi ne mai sauƙi, amma mafi yawan masu feshin haya a ƙauyukanmu da murfin kwalba suke awo, su ƙara ɗaya "don ya ji". Ta nuna musu bambancin bakin feshi mai shimfiɗa ruwa na maganin ciyawa da mai zagaye na maganin ƙwari, ta kuma gargaɗe su kada su yi wa wake ko tumatir feshi da tankin da ya sha maganin ciyawa na 2,4-D, domin ɗan ragowar da ya maƙale ya isa ya murɗe ganye. Na ga yaran suna rubutu da gaske, don kowa ya hango cewa wannan sana'a ce da za a biya shi.

Daga nan abubuwa suka fara sauka.

Ranar injina bidiyo aka kunna musu a aji, alhali ga tarakta da injin casa a wurin gyaranmu, tafiyar minti biyar. Ban ji daɗi ba, kuma na faɗa. Da yamma na kwashe su da kaina, na nuna musu sandar nan mai juyawa a bayan tarakta. Tana zagaye 540 a minti, wato sau tara a daƙiƙa ɗaya. Kafin mutum ya ce wayyo ta naɗe hannun babbar riga ko gefen hijabi. Wannan magana ce ta suturarmu, kuma bidiyon da aka ɗauko a wata ƙasa ba zai faɗe ta ba. Mai ba da horo a ƙasar Hausa ya kamata ya san haka.

Kayan kariyar kuwa rabi da rabi ne. Takalman roba masu dogon wuya sun yi ƙarko, har yau ba wanda ya tsage. Safar hannun mai kauri ce, irin wadda magani ba ya ratsawa, tana kai wa kusa da gwiwar hannu. Biyu ne kawai suka huje a damina guda. Tabarau sun yi, sai dai suna yin hazo idan gumi ya taso. Famfo biyu sun yi yoyo a wurin matsi tun makon farko, amma an haɗo da robobin canji, ɗaliban da kansu suka gyara.

Rigar ce matsala. Leda-leda ce, ba ta shan iska ko kaɗan. Da hantsi ya ɗaga sai ka ga yaro ya zuge ta har ciki, ya sauke rabinta ya ɗaure a ƙugu, kuma ba zan zarge shi ba, domin zafi ma yana kayar da mutum. Duk goman girmansu ɗaya, na ƙaton namiji. Ɗalibai mata suna ninke hannu sau uku, wando yana jan ƙasa, kuma ba a tanadi abin rufe kai da zai zauna da hijabi ba. Ɗaya daga cikinsu ta ce mini: "Malam, kamar ba su san mata na karanta aikin gona ba." Ƙarshe tela muka samu ya ɗinka riguna masu dogon hannu da wanduna na auduga mai kauri daidai jikin kowa, da ɗan hijabi matsattse mai shiga cikin riga, sannan muka yanka leda mai kauri ana sanyawa a baya tsakanin jiki da tanki. Muka mayar da feshi sassafe ko bayan la'asar, lokacin da iska ta kwanta.

Abin da ya fi ɓata mini rai takunkumi ne. Malamar da bakinta ta koyar cewa takunkumin takarda ƙura kawai yake tarewa, ba ya tare tururin magani. Da muka buɗe kwali, na takardar muka tarar. Ban ɗora mata laifi ba, don ita ma ta yi mamaki, amma kamfanin da ke koyar da abu ɗaya ya sayar da kishiyarsa yana rushe darasinsa da hannunsa. Sai da na yi ta kira har mako uku kafin su aiko guda huɗu masu matata, kuma har yanzu ba su kawo matatar canji ba.

Rana ta biyar, ta shirin shiga aiki, wani ne daban ya zo. Ya yi awa uku kan yadda ake tsara takardar neman aiki da yadda ake zama gaban masu tantancewa, kamar duk banki za su. Ba na raina wannan, amma yawancin yaranmu gona za su, ko shagon kayan noma, ko su kafa nasu. Abu ɗaya mai amfani da ya kawo shi ne dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita; da yawansu ba su taɓa jin cewa wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da hakki ba. Na so a koya musu yadda za su yanka farashin feshin hekta, da riƙe littafin da za su rubuta gonar wa, wane magani, wace rana, da kwana nawa za a jira kafin girbi. Na so kuma a koya musu yadda ƙaramin ma'aikaci zai ce wa maigidansa ba zai yi feshi babu safar hannu ba, cikin ladabi, ba tare da ya rasa aikinsa ba. Wannan ne ya fi wuya ga yaron da aka tarbiyyantar kada ya musa wa babba.

Duk da haka wasu sun nemo hanya da kansu. Wani ya kira ni daga inda yake SIWES ya ce an umarce shi ya yi wa masara feshin tsutsa da tsakar rana, ga iska. Ya ce wa manajan: "Ranka ya daɗe, in aka yi yanzu rabin maganin gonar maƙwabta zai tafi, a bar ni zuwa la'asar." Ta ƙofar kuɗi ya shiga, kuma aka saurare shi. Kafin ya baro gonar shi ke auna wa sauran ma'aikata magani.

Ga malamin da ke tunanin ɗauko irin wannan horo, ina ba da shawarar ya ɗauko, amma ya rubuta sharuɗɗansa a takarda tun kafin a biya: a ga samfurin takunkumi da ido, a auna ɗalibai maza da mata kafin a kawo riguna, a yi darasin injina a gaban injin, kuma a sa lissafin sana'a a ranar ƙarshe. Mu da waɗannan sharuɗɗa za mu sake kiransu bana, kuma na roƙi a turo mana malamar nan dai.

A bayan ɗakin ajiyarmu yanzu akwai tarin jarkokin magani, kowace an ɗauraye ta sau uku, an juye ruwan ɗaurayar a tanki, an huda gindinta da ƙusa. Kwanakin baya wata mata mai sayar da abinci a bakin ƙofa ta zo roƙon guda ɗaya ta zuba man gyaɗa. Ina daga ofis ina jin wata ɗaliba tana ce mata: "Inna, ki yi haƙuri, wannan ko an wanke ba a zuba abinci a ciki." Ta ɗaga jarkar ta nuna mata hujin. Washegari ta kawo mata wata daga gida, wadda man girki ne ya ƙare a cikinta.