Wayar atin: wacce za a saya, kuma da wane kauri?

Wayar da ke fitowa daga akwatin rarraba wuta ta sauka kan sandar da aka kafa a ƙasa, wadda masu aikin lantarki ke kira wayar atin, ita ce mai gini ya fi yi wa rowa, domin da zarar an binne ta babu mai sake ganinta. Alhali ta nan ne ƙarfin tsawa da wutar da ta kauce hanya suke shigewa ƙasa.

Zaɓi uku ne a gaban mai saye: jan ƙarfe, alminiyam da ƙarfe mai rufin tutiya, kuma ni jan ƙarfe zalla nake so, mai silili da yawa a murɗe. Yana ɗaukar wuta fiye da sauran, yana lanƙwasuwa a kusurwar gini ba tare da ya karye ba, kuma yana jure damshin ƙasa shekara da shekaru. Game da kauri, ƙa'idar Ingila ta BS 7671 ta ce wayar jan ƙarfe da aka binne, idan tana da rigar da ke kare ta daga tsatsa amma babu bututun da zai kare ta daga sara, kada ta gaza murabba'in milimita 16. Idan kuwa tsirara ce, to 25. Ƙa'idar Amurka ta NEC tana ɗaura kaurin ne a kan girman wayoyin da suka shigo da wuta ginin, sai dai ta yi sassauci cewa wayar da za ta tsaya ga sanda kaɗai ba dole ta wuce lamba 6 ba, wato kimanin murabba'in milimita 13. Ni dai ba na sauka ƙasa da 16.

Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin ɗari ne kawai na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, kuma NEC ta hana haɗa shi a wajen gini a tazarar da ba ta kai milimita 450 daga ƙasa ba, saboda haka bai dace da wannan aiki ba. Ƙarfe mai rufin tutiya kuwa, idan tsirara ne, sai ya kai 50 kafin a amince da shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne jabu. Na taɓa sayen naɗin waya mai jan launi, mai sheƙi, da tambari a jikin rigarta, bayan damina biyu sai firij ya soma jan mutane. Da muka tono bakin sandar, wayar ta zama farin gari, tana marmashewa a hannu kamar alli. Ashe alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai na yanki guntu na kankare silili ɗaya da wuƙa: idan cikin ya fito fari, an cuce ka. Sannan a ɗora a ma'auni, domin mita ɗaya na jan ƙarfe mai kaurin 16 yana kai giram 140 da ɗoriya ban da riga, na alminiyam kuwa bai kai 50 ba. A kuma gwada maganaɗisu, tunda wasu baƙin ƙarfe suke rufewa da jan ƙarfe. Akwai masu ƙara kaurin roba su rage na waya, don haka abin da aka rubuta a jikin riga ba hujja ba ne.

Sandar ma ba ta tsira ba. Ta kirki tana da rufin jan ƙarfe na milimita 0.25 da tsawon mita 2.4, ta bogi kuwa tun ana buga ta da guduma rufin yake saɓulewa.

Wajen haɗa waya da sanda, waldar hoda irin ta Cadweld ta fi komai, domin tana narkar da su su zama jiki ɗaya. Maɗaurin tagulla mai noti yana yi idan na binnewa ne kuma an bar ramin dubawa, amma naɗe waya da hannu ko liƙa ta da dalma ba aiki ba ne. Wayar ta tafi ɗaya ba tare da ƙari a tsakiya ba, idan kuma an zura ta a bututun ƙarfe, a haɗa bakinsa biyu da ita. Bayan an gama a auna turjiyar da wuta ke fuskanta wajen shiga ƙasa, wadda ake aunawa da om, in ta haura om 25 a kafa sanda ta biyu da tazarar aƙalla mita 1.8.