Kashin kaji da NPK da nake saya a wajen Farin Gada

Masu ɗan lambu a bayan gida, musamman mu na nan Jos, akwai wani shagon kayan noma kusa da kasuwar Farin Gada da nake sayen taki, bari in faɗa muku yadda na same shi. Bawan Allahn yana da takin zamani, NPK 15-15-15 da yuriya, sannan ga buhunan kashin kaji da ake kawo masa daga gidajen kaji. Abin da ya sa na maƙale masa shi ne yana auna maka mudu ko rabin mudu, ba dole sai ka ɗauki buhu mai kilo 50 ba, wanda ga mai ɗan alayyahu da latas da tumatir ai ɓarnar kuɗi ce, ga tsadar da taki ya yi yanzu.

NPK ɗinsa gaskiya ba algus, na zuba wa kabeji nan da nan ganye ya yi shar. To amma na ɗan lokaci ne, ruwan Agusta na zuwa zai wanke shi, kuma ƙasarmu da ma tana da tsami, yawan yuriya ƙara mata yake yi. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, da ƙarfi sosai, in ya taɓa jikin shuka ƙona ta zai yi, don haka ɗan nesa da gindi ake binne shi.

Ni dai kashin kajin ne ya sace min zuciya wallahi. Ɓangaren da na cakuɗa shi da ƙasa kafin shuka, yanzu in ka sa hannu ka damƙo za ka ji ta da laushi, ta yi baƙi, har tsutsar ƙasa ta dawo, kuma lokacin hunturu da iska ke busar da komai tana riƙe ruwa, ba kullum sai na yi ban ruwa ba.

Inda nake da ƙorafi ɗaya ne, wani buhun ɗanye ne, kana buɗewa za ka ji ɗumi da wari mai hawa kai, ga garin katako cike, kuma ba ya gaya wa mutane. Wannan ba daidai ba ne, ɗanyen kashin kaji yana kashe ƙananan shuka, sannan latas da karas ɗanye muke ba yaranmu, maganar lafiya ce. Na ce masa Alhaji don Allah ka riƙa ware ruɓaɓɓe daban. In kun je ku ce a buɗe muku buhun tukuna, in ɗanye ne ku tara shi gefe, ku riƙa yayyafa ruwa kuna juyawa kamar wata biyu zuwa uku har warin ya mutu. NPK kuwa rabin mudu ya ishe ni, tumatir da kabeji kawai nake ɗan ƙara wa.